Dillalan Gidaje a Kubwa: Sun San Gida, Amma Unguwa Sai Ka Duba da Kanka

Ma'aikacin da aka yi wa sauyin wurin aiki zuwa Abuja, ko ɗan kasuwar da harkarsa ta koma can, da wuya ya iya ajiye iyalinsa a Maitama, Asokoro ko Wuse, domin kuɗin hayar waɗannan unguwanni ya fi ƙarfin mai albashi nesa ba kusa ba. Saboda haka hankali yakan koma ga garuruwan gefen birni, irin su Kubwa, Lugbe, Karu, Nyanya, Mararraba, Kuje da Gwagwalada, kuma duk wanda ya nufi ɗaya daga cikinsu baƙo ne, hannun dillali zai faɗa ko yana so ko ba ya so. Wannan sharhi ya shafi hidimar wani ofishin dillancin gidaje ne a Kubwa, wanda muka yi hulɗa da shi lokacin da muke neman gidan da zai ɗauke mu da yara da kuma mahaifiyata. Ba zan kama sunan ofishin ba, domin alherinsa da gazawarsa duka abubuwa ne da za a tarar a wajen yawancin masu wannan sana'a a garin.

Abu na farko da ya burge ni shi ne, kafin a nuna mana ko gida ɗaya, babban dillalin ya tambayi inda nake aiki, da shekarun yara, da ko akwai mota a gida. Da ya ji cewa ofishina yana tsakiyar birni, sai ya zayyana mana zaɓin da ke gabanmu ba tare da ɓoye-ɓoye ba. Haya ta fi sauƙi a Nyanya da Mararraba, amma cunkoson hanyar Keffi safe da yamma sananne ne ga kowa, ga shi kuma Mararraba a jihar Nasarawa take, wato wanda ya sayi fili a can da hukumomin Nasarawa zai yi maganar takardunsa, ba da na Abuja ba. Lugbe tana kan hanyar filin jirgin sama mai faɗi da kyau, sai dai wasu rukunonin gidajenta a kwari suke, kuma ambaliya ta sha yi musu ɓarna. Gwarimpa ta fi kusa, ta kuma fi tsada. Kubwa, wadda ke ƙaramar hukumar Bwari, ita ce tsaka-tsaki: babbar hanyar da ta haɗa ta da birni an faɗaɗa ta zuwa layi goma, tana da babban asibitin gwamnati, da kasuwanni, da makarantu na gwamnati da na kuɗi, da kuma tasha a kan layin dogon Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a watan Yulin 2016, abin da ke da muhimmanci ga mutumin da danginsa ke Arewa. Na bincika wannan bayani daga baya a wajen mazauna garin, ban sami ƙarya a cikinsa ba.

Maganar kuɗi ita ma a fili aka yi ta. Bisa al'adar kasuwar, la'adar dillali a kan haya kashi 10 cikin 100 ne na kuɗin shekara, a kan ciniki kuwa kashi 5, sannan akwai kuɗin lauyan da zai rubuta yarjejeniya, da kuɗin ajiya da mai gida yake riƙewa saboda ɓarna. Akwai kuma kuɗin duba gida, wanda ake biya tun kafin a taka ƙafa, kuma ba ya dawowa ko an daidaita ko ba a daidaita ba. Wannan na ƙarshe shi ne ya fi ɓata wa mutane rai, tun da wasu dillalan sun mayar da shi abincinsu, suna zagayawa da mutum gidajen da suka san ba za su yi masa ba. A nan ofishin ya ciri tuta, domin sau ɗaya aka karɓa, aka ba mu rasit, kuma ba a sake tayar da maganar ba har muka gama.

Ƙwarewarsu ta gaskiya tana wajen sanin gidajen kansu. Sun san wane gida ne zai fita haya kafin a maƙala masa allo, sun san mai gidan da yake karɓar kuɗi kashi biyu da wanda ba ya sauraron uzuri, kuma sun fahimci bukatar iyalin Bahaushe ba sai an yi dogon bayani ba. Gidajen haya da yawa a Kubwa benaye ne da ake raba harabarsu da maƙwabta huɗu ko shida, inda baƙo namiji zai ratsa gaban kicin kafin ya kai falo, kuma tsohuwa mai ciwon gwiwa za ta riƙa hawa da sauka. Da na faɗi haka, sai dillalin ya ce, "Yallaɓai, kai gidan ƙasa kake nema mai katangarsa, da falon baƙi mai ƙofa ta waje," ya kuma daina ɓata mana lokaci da benaye. A wajen ciniki ma ya yi ƙoƙari, ya sa mai gida ya amince zai gyara famfuna da ragar sauro kafin mu tare, aka kuma rubuta hakan a cikin yarjejeniya.

Inda hidimar ta fara rauni shi ne da zarar an fita daga katangar gida. Dillali gida yake sayarwa, la'adarsa kuma a kan gida take, alhali jin daɗin iyali ko wahalarsu yawanci a kan unguwa ya rataya. Kubwa ba abu ɗaya ba ce. Akwai tsofaffin sassa da aka tsara, masu kwalta da magudanan ruwa, kamar rukunin gidajen hukumar gidaje ta tarayya, akwai tsohon ƙauyen Kubwa da matsugunan Gbagyi, 'yan asalin yankin, akwai kuma sabbin unguwanni irin su Byazhin da Chikakore da suka bazu zuwa gindin duwatsu, inda gine-gine suka riga hanya da ruwa isa. Dukansu Kubwa ake kira a tallar dillali, amma rayuwa a cikinsu ta sha bamban.

A ɗauki maganar ruwa. Madatsar Usuma, wadda ke shayar da Abuja, tana kusa, a wajen Ushafa, kuma wasu sassan Kubwa suna samun ruwan famfo daga gare ta, abin da ya sa dillalai ke cewa garin ba ya matsalar ruwa. A wani gida mai kyau da aka kai mu, an buɗe famfon kicin ruwa ya zubo da ƙarfi, aka dube ni ana murmushi. Da muka fito sai na lura da 'yan ga-ruwa uku jere a bakin layin, kowanne da kurarsa cike da jarkoki, kuma a saman kowane gida akwai tankin roba. Mai shagon da ke kusurwa ya gaya mini cewa ruwan rijiyar burtsatse ne, sai an kunna injin, kuma idan rani ya yi nisa rijiyoyin layin sukan ja baya. Dillalin bai yi mini ƙarya ba, amma da ban tambaya ba, da bai faɗa ba.

Haka abin yake a kan wuta. Tun da aka karkasa masu amfani da lantarki rukuni-rukuni, unguwar da ke rukunin farko an yi mata alƙawarin aƙalla sa'o'i 20 a rana, amma a watan Afrilun 2024 an ɗaga farashinta zuwa naira 225 a kan kowane ma'auni, yayin da sauran rukunoni ke biyan ƙasa da haka, suna kuma samun wuta kaɗan. Wannan bambanci yana taɓa aljihun mai iyali kowane wata, amma ba wanda ya ambace shi a ofishin sai da na tambaya, amsar kuma ita ce, "Alhaji, ai layin nan wuta ba ta ɗaukewa." Wanda ke son sanin gaskiya ya nemi ganin mitar gidan, ya tabbatar ta kati ce kuma babu tsohon bashi a kanta, ya tambayi maƙwabta yawan gidajen da ke kan taransfomar, sannan ya dawo da daddare ya saurari ko ƙarar janareta ce ta cika layin.

Lokacin da ake kai mutum duba gida ma yana da nasa tasiri. Dillalai sun fi son tsakar rana ko ranar Asabar, sa'ad da babbar hanya take a sake, har mutum ya isa sakatariyar tarayya cikin rabin sa'a. Wahalar ba a kan babbar hanyar take ba, tana kan fita daga cikin Kubwa ne da sassafe, lokacin da motocin makaranta da kekuna masu ƙafa uku da 'yan acaɓa ke haɗuwa a 'yan ƙananan hanyoyin da suka ɓulle zuwa bakin titi. Gidan da ke can cikin lungu yana iya zama mai arha a shekara, amma tun bayan cire tallafin mai a watan Mayun 2023, abin da aka rage a haya yakan tafi a kuɗin fetur da na kai yara makaranta. Jirgin ƙasa na cikin birni, wanda ya dawo aiki a 2024, yana da tasha a Gbazango, sai dai amfaninsa ya dogara da kusancin gida da tashar. Sannan ga damina. Kogin Usuma ya ratsa garin, kuma a unguwannin da ke kusa da shi ya kamata mutum ya duƙa ya duba gindin katanga ta waje, domin sabon fenti yana rufe bangon ɗaki, amma shatin da ruwa ya bari a jikin bulo ba kasafai ake tunawa da shi ba. Mun ga irin wannan shati, ya kai gwiwa, a gidan da aka ce mana ruwa bai taɓa shiga ba.

Sai tsaro. Sace-sacen mutane da aka yi a yankin Bwari a farkon 2024 sun sa kowa ya gane cewa gidan da ke ƙarshen gari, bayansa daji ko dutse, arharsa tana da dalili. Ofishin ya amsa wannan tambaya da gaskiya gwargwado, ya nuna mana layukan da ke da ƙofa da 'yan sintiri, ya kuma faɗi abin da kowane gida ke biya a wata. Game da masallacin Juma'a, Islamiyyar yara da kasuwar cefane kuwa, sai da muka taka da ƙafarmu muka gani, kuma limamin wani masallacin unguwa ya fi dillalin amfanar da mu a wannan fanni.

Ga mai niyyar saye ba haya ba, gargaɗin ya fi nauyi. A yankin babban birnin tarayya, Ministan Abuja ne kaɗai ke da ikon bayar da fili da takardar shaidar mallaka, saboda haka takardar da mai unguwa ko sarkin ƙauye ya sa wa hannu ba ta kare gini daga rusau, kamar yadda mutane da yawa suka gani a zamanin da Malam Nasiru El-Rufa'i yake minista, daga 2003 zuwa 2007. Takardun da ƙananan hukumomi suka bayar a da ma sai an kai an tantance su. Hanyar da ta dace ita ce a nemi binciken fayil ɗin filin a hukumar AGIS, wadda ke ajiye bayanan filayen Abuja, a tabbatar sunan da ke ciki shi ne na mai sayarwa, kuma babu jingina ko shari'a a kansa. Ofishin ya ba mu shawarar mu yi amfani da lauyansa don a rage kuɗi da lokaci. A ganina wannan shawara ba ta da kyau ko kaɗan, ba don ina zargin kowa ba, sai don lauyan da zai rasa kuɗinsa idan cinikin bai faɗa ba, ba shi ne zai ce maka ka janye ba.

Idan za a ba da maki, zan ba wannan ofishi kyakkyawan maki a kan riƙon amana wajen kuɗi, sanin gidaje da iya ciniki, matsakaici a kan tsaro, da maki mai rauni a kan bayanin unguwa. La'adar da muka biya ba ta tafi a banza ba, domin da kanmu ba za mu gano gidan da muka kama ba, kuma zan iya tura ɗan'uwana wajensu. Sai dai zan ce masa ya ware kwanaki kafin ya biya kuɗi, ya je unguwar da ƙarfe shida da rabi na safe a ranar aiki, ya koma bayan sallar isha'i, ya zauna da mai shago da mai gadi, kuma idan da hali ya fara da hayar shekara ɗaya, ya ga damina da rani a wurin, kafin ya yi maganar saye.