MX-5 ko S2000: wacce ɗan koyo zai shiga filin tsere da ita?

Ɗan'uwa, ka ce kana son ƙaramar mota mai kujera biyu, irin wadda ake naɗe rufinta, don ka riƙa kai ta filin tsere a ranakun da ake buɗe shi ga masu sha'awa, kuma zuciyarka ta rabu tsakanin Mazda MX-5 da Honda S2000. Ka ƙara da cewa ba ka taɓa tuƙi a fili ba. To, wannan maganar ta ƙarshe ita ta raba gardama a wurina. MX-5 nake ba ka shawara.

Ba raina S2000 nake yi ba. Honda ta ƙera ta daga 1999 zuwa 2009, kuma injinta na farko mai lita 2 yana ba da ƙarfin doki kusan 240 ba tare da turbo ba, yana juyawa har sau 9,000 a minti. Giyarta shida ce, ga daɗin shiga, duk wanda ya taɓa riƙe ta sai ya yaba. Sai dai ƙarfin nan a can sama yake ɓoye. Ƙasa da juyi 6,000, kafin VTEC, tsarin Honda da ke ƙara buɗe bawul ɗin injin, ya fara aiki, saliha ce kamar ba ita ba. Dole ka riƙe injin yana kuka, kana sauya giya a kan kari, alhali hankalinka a kan kwanar da ke gabanka ya kamata ya kasance. Ranar da hannu ya kuɓuce ka jefa ta giya ta biyu maimakon ta huɗu kana cikin gudu, bawul ɗin injin ne za su biya bashin.

Sannan ga halin bayanta. Ka shiga kwana da gudu, ka ji tsoro ya kama ka, ka ɗage ƙafa daga totur farat ɗaya. Nauyi ya koma gaba, tayoyin baya su saki ƙasa, kafin ka juya sitiyari ka tsinci kanka kana kallon inda ka fito. Kowace mota mai jan baya tana iya yin haka, amma S2000 ta shekarun farko ba ta cika yin sallama ba. A samfurin 2004 Honda ta gyara ƙafafun bayan, na'urar hana santsi kuwa sai wajen 2006 ta zo.

MX-5 kuwa, ta farko da ta fito a 1989 ƙarfin dokinta bai wuce 116 ba, nauyinta bai kai tan ɗaya ba. Ko ta yanzu, mai ƙarfin doki 181 tun samfurin 2019, kaɗan ta haura kilo 1,000, alhali S2000 tana kusan 1,250. A miƙaƙƙiyar hanya za a wuce ka, wannan sai haƙuri. Amma nan amfanin yake: idan ka ɓata kwana, babu ƙarfin injin da zai rufa maka asiri, agogo zai tona ka, sai ka koma ka gyara. Kuma tana gargaɗi. Jikinta ya karkata, taya ta fara kuka, bayan ya ɗan zame a hankali, duk kana ji a kujera kafin abin ya ƙwace.

Batun kuɗi kuma, mutane kan tsaya a kuɗin saye, su manta fili cin taya da birki yake yi, kuma nauyi shi ke ƙara masa yunwa. Tsofaffin MX-5 ƙananan tayoyi suke sawa, inci 14 ko 15, duk huɗun girmansu ɗaya, kana iya mayar da na gaba baya su cinye tare. A S2000 na baya sun fi na gaba faɗi, babu wannan dabarar. Mazda ta cika MX-5 miliyan ɗaya a 2016, ita kuwa S2000 gaba ɗaya kusan 110,000 aka yi. Ka goga bango, MX-5 ka samu kayan gyaranta cikin sauƙi, S2000 ka yi ta cigiya. A Amurka har rukunin tsere ake da shi na MX-5 zalla, Spec Miata, don haka babu wata cutarta da ba a san maganinta ba. S2000 mai lafiya yanzu ta fara zama abin adanawa, kuma wanda ke tsoron kada motarsa ta ƙwarzane ba zai koyi komai ba.

Kada ka ce na wanke ta tas. Tsofaffin suna tsatsa, musamman a ƙasan ƙofa dab da tayar baya, ka durƙusa ka danna wurin da yatsa. Lagireton da ya tsufa ka canza shi kafin zafin fili ya fasa shi. Porsche Boxster ta farko ma na san za ta ba ka sha'awa, amma injinta a tsakiya yake, gyaransa kuma ba na ɗan koyo ba ne.

Abu ɗaya ke iya rushe duk shawarata, shi ne tsayinka. Masu shirya ranakun fili da yawa ba sa barin mota marar rufin ƙarfe ta shiga sai da ƙarfen kariya a bayan kujera, saboda kifewa. Gwajin nasu mai sauƙi ne: ka zauna da hular kwano a kanka, a ɗora miƙaƙƙiyar sanda daga saman ƙarfen zuwa saman gilashin gaba. In sandar ta taɓa hular, ka koma gida. MX-5 ƙirar farko da ta biyu ba su zo da ƙarfen ba, sai ka sa. S2000 tana da nata ƙanana daga kamfani, wasu su karɓa, wasu su ƙi. Don haka ka fara tambayar dokar filin da za ka je, ka kuma bincika inshorarka, domin yawanci ba ta ɗaukar abin da ya faru a fili. Ranar da za ka je ganin motar, ka tafi da hularka da sanda.