Tsakuwar Faransa da filin sabon gidanmu a Damagaram

Yaya, ina gaisuwa da fatan kowa lafiya, Inna da yara da sauran mutanen Birni. Saƙonka ya iso, inda kake tambaya ko lambun tsakuwar da ka gani a hotunan wurin aikina zai yiwu a filin da ke bayan zauren sabon gida. Lambu ne da ake dasa tsirrai a rufe ƙasarsu da tsakuwa. Zai yiwu, amma in aka kwaikwayi na nan ƙafa da ƙafa, kuɗi za a zubar a banza.

A nan kudancin Faransa, wajen Mompeliye, tsakuwa lamba gare ta. Ba mai zuwa ya ce a kawo masa tifa ɗaya. Sai dai ya ce 6/10, ko 10/14, ko 10/20, wato kowace ƙwaya girmanta yana tsakanin waɗannan milimitoci biyu, inji ya tankaɗe ta, an wanke mata ƙura. Iri biyu ce: akwai ta kogi, mulmulalliya mai santsi, akwai ta fashin dutse mai kusurwa. Ta kogin ta fi kyan gani, sai dai gudu take yi a ƙarƙashin ƙafa, tayar baro kuwa nutsewa take yi a cikinta. Ta fashin tana cije juna ta zauna daram. Ana sayar da ita a buhu mai kilo 25, ko a ƙaton buhu mai kusan tan guda. Lissafin ma a sarari yake: in za a shimfiɗa kaurin santimita 5, kowane murabba'in mita yana cin kilo 75 zuwa 80, tan guda ke nan kimanin murabba'i 13 kawai zai rufe. Wajen zaɓen girma, wadda ta gaza milimita 6 maƙalewa take yi a tafin takalmi ta bi ka har ɗaki, kyanwoyin unguwa kuma su mayar da ita masai. Wadda ta haura 20 tana gurɗe ƙafa. Shi ya sa maigidana ya fi son 10/14, kamar girman gurjiya.

Abin da ya burge ni shi ne cika alkawari. An taɓa kawo mana wadda ta fi abin da muka nema ƙanƙanta, maigidana ya ɗebi cikin hannu ya ɗauki hoto ya tura, suka zo suka kwashe abarsu suka musanya, ba gardama, ba ƙarin kuɗi. A gida kuwa ka san yadda ake yi: manya a sama, gari a ƙasa, in ka yi magana a ce haka dutsen ya fashe. Amma kar ka ɗauka komai na nan daɗi ne. Ƙaton buhun da kuɗin kawowa yakan haura euro 100, wato jaka 65 da 'yan kai. Sai an sa maka rana ka jira, direba ya sauke da ƙugiya a bakin titi ya yi gaba, ko shebur ɗaya ba zai taya ka ba, kuma babu yaran unguwa da za ka kira. Mu kuwa ka yi magana da safe, kafin la'asar amalanke na ƙofar gida, ga ciniki, ga hannu.

Dalilin da ya sa suka karkata ga wannan lambu ruwa ne, abin da mu mutanen Damagaram muka sani tun kafin su. A lokacin farin da aka yi a 2022 hukuma ta hana ban ruwan ciyawar gida a yankuna da yawa, mutane suka yi ta tuge ciyawa suna zuba tsakuwa. Wadda ake yawan ambata a sana'ar wata mata ce 'yar Ingila, Beth Chatto, da ta mayar da wurin ajiye motoci lambun tsakuwa a 1992, ba a yi masa ban ruwa, sai abin da sama ta bayar. Wasu kuma sun wuce gona da iri, su shimfiɗa dutse zalla ba ko ganye, har jihar Baden-Württemberg ta Jamus ta haramta irin wannan a 2020, saboda yana tara zafi kuma ba ya amfanar ƙudan zuma.

Ga yadda muke dasawa. Mukan tone ƙasa sosai mu cire ciyawa da saiwarta. Ƙananan dashe muke saye, sun fi manya saurin kamawa. A tsoma tukunyar cikin bokiti har kumfa ta daina tasowa, a dasa, a bar kwari kewaye da gindin don ya riƙe ruwa, sannan a jawo tsakuwa da manjagara har wuyan shukar. A shekarar farko a cika kwarin da ruwa mai yawa amma jifa-jifa, domin saiwa ta bi lema ta yi ƙasa. Yayyafi kullum a sama yake riƙe ta. Suna da wani ƙyalle da ake shimfiɗawa ƙarƙashi don hana ciyawa, ruwa na ratsa shi, mu a hanyar tafiya kawai muke sa shi. Kar wani ya ce maka leda za ta maye gurbinsa, ruwa zai kwanta ne ƙasa ta mutu.

To, a nan ne hanyarmu ta rabu da tasu. Su a watan Oktoba suke dashe, don ruwansu da sanyi yake zuwa. Kai sai damina ta zauna, cikin Yuli, kuma ka shirya sayen ruwa wurin 'yan ga-ruwa a ranin farko, domin namu ya fi nasu tsawo nesa ba kusa ba. Na biyu, zafi. A Afrilu da Mayu, lokacin da muke haura digiri 40, baƙar tsakuwa za ta toya ƙafar yaro, da dare kuma ta amayo zafin da ta sha. Ka nemi mai haske, kuma ka bar wa Inna rairayinta a inda take shimfiɗa tabarma da inda ake kwana a waje. Tsakuwar ta tsaya gefen katanga da gindin itatuwa. Na uku, tsintsiya da ƙurar hunturu: ƙanana za su bi shara cikin wata guda, saboda haka kai 14 zuwa 20 ce taka, ba 10/14 ba. Kar a jibge manyan duwatsu na ado kusa da ɗaki, gidan kunama ne.

Irin nasu tsirrai masu ƙamshi ban ba ka shawara ba, daminarmu mai zafi ruɓar da yawancinsu za ta yi. Kariya, lalle, aguwa da alobera sun ishe ka, da zogale biyu a kusurwa.

Dutse kam Allah ya hore mana, rariya ce babu. Ka sa mai walda ya yi maka guda biyu, ɗaya mai ido milimita 20, ɗaya 14. Ka kai wa matan da ke fasa dutse a bakin gari, abin da ya ratsa ta farko ya tsaya a ta biyu shi ne naka, ka ƙara musu kuɗin tankaɗe a kan farashinsu. Garin da ya rage magina za su so shi. Ka auno min tsawo da faɗin filin in lissafa maka amalanke nawa za ka nema. A gaida Inna.