Mai gyaran da ya fara karatu kafin ya ɗauki sukudireba

Ina riƙe da lissafin wani shagon sari kusa da Kasuwar Dole, nan Damagaram. Duk kayanmu da basussukan ƴan kasuwa suna cikin wata kwamfuta mai tsarin aiki na Ubuntu da manhajar adana bayanai ta PostgreSQL, ƙwaƙwalwarta (RAM) giga 8. Sati uku tana yi mana abu ɗaya: da an taru ana shigar da rasit bayan la'asar, sai ta sandare, allo ya cika da rubutu, "Kernel panic" a ciki, wato kanel, zuciyar tsarin aikin, ya faɗi. Masu gyara biyu suka duba, suka ce zafi ne. Muka sayi fanka, muka canza RAM, kuɗi suka tafi, ciwo yana nan.

Na ukun wani matashi ne daga Zango. Tun a waya ya ce: "Malam, in ta sake, kar ka kashe, ɗauko mini hoton allon." Wannan kaɗai ya sa na natsu. Ya zo, ya bar memtest86+, mai gwada lafiyar RAM, ya kwana yana gudu, bai samu aibi ba. Sai ya buɗe /etc/sysctl.conf, fayil ɗin saitin kanel, ya juyo mini allon, ya sa yatsa a kan layi biyu. Wanda ya girka mana tsarin ya keɓe manyan shafuka, wato gutsattsarin RAM, 3072 don ƙwaƙwalwar tarayya, kowane mega 2, wato giga 6 ke nan da sauran manhajoji ba su da ikon taɓawa. Ga kuma vm.panic_on_oom a kan 1, wanda ke sa kanel ɗin ya faɗi gaba ɗaya in wuri ya ƙare a RAM, maimakon ya kashe manhaja guda ya ci gaba da aiki. Ya mayar da shared_buffers, wato ƙwaƙwalwar tarayyar da PostgreSQL ke riƙewa, giga 2, kashi ɗaya cikin huɗu na RAM kamar yadda takardun PostgreSQL suka ba da shawara, ya rage shafukan daidai da haka. Na tambaye shi game da shmmax, saitin iyakar ƙwaƙwalwar tarayya da na gani ana ta ambata a intanet, ya ce tun fitowar sigar 9.3 a 2013 PostgreSQL ya kusan daina dogara da shi.

Jika goma sha biyar ya karɓa, kuma wallahi ya ci halal. Abin da ya ɓata mini rai: ya ce ƙarfe tara, bai iso ba sai azahar, kuma sai da na matsa kafin ya rubuta mini abin da ya canza. Takardar tana manne a jikin kwamfutar. Wata biyu ke nan, har cunkoson jajibirin Sallah ta wuce ba ta sandare ba.