Magangarar Ruwan Virginia a Dajin Nahanni: Sharhi a kan Ziyarar Yini Ɗaya

Babu hanyar mota da ta isa magangarar ruwan Virginia, kuma wannan ne abu na farko da ya kamata mai niyyar zuwa ya sani, domin daga nan tsadar tafiyar ta samo asali. Magangarar tana kan kogin South Nahanni, a cikin gandun dajin Nahanni da ke can arewa maso yammacin ƙasar Kanada, kuma galibin masu ziyara suna isa wurin ne a ƙaramin jirgin sama mai sauka a kan ruwa, wanda ke tashi daga garin Fort Simpson. Kamfanoni kaɗan ne ke wannan jigila, suna yin ta a watannin da ƙanƙara ta narke, daga wajen Yuni zuwa Satumba. Sharhin nan ya shafi ziyarar yini ɗaya da na yi da ɗaya daga cikinsu.

Isa Fort Simpson kansa aiki ne. Garin yana mahaɗar kogin Liard da kogin Mackenzie, kuma mai zuwa a mota sai an yi masa fito ya ƙetare Liard, in ba haka ba ya hau jirgin sama daga Yellowknife, babban birnin yankin. A nan ne na ga aibin farko na kamfanin. Lokacin da nake kama kujera ba a nanata mini yadda yanayi ke iya hana tashi ba, sai da na iso, gajimare ya sauko kan duwatsu, aka ce a dakata. Ɗage tafiyar daidai ne, kuma ina girmama matuƙin da ya ƙi jefa rayukan mutane cikin haɗari saboda kuɗi. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a bar baƙon da ya zo daga nesa ya tsara komawarsa ba tare da an ce masa tun farko ya ware kwanakin jira ba. Na ga wasu ma'aurata da suka koma gida ba su ga komai ba, kuma mayar musu da kuɗin jirgi bai biya musu kuɗin hanya da masauki ba.

Ranar da sama ta washe kuwa, aikinsu ya burge ni tun daga bakin ruwa. An auna nauyin kowa da jakarsa, an nuna mana rigar ceto da yadda ake buɗe ƙofa, aka ba kowa na'urar sawa a kunne don mu ji matuƙi ta cikin ƙarar inji. Tafiyar ta ɗara awa ɗaya, kuma kuskure ne a ɗauke ta a matsayin hanya kawai. Da farko ƙasa ce shimfiɗaɗɗiya, fadamu da tafkuna da siraran itatuwa masu ganye kamar allura, iyakar ganin ido babu rufin gida ko turken lantarki. Daga nan duwatsun Mackenzie suka taso, kogin South Nahanni ya shige cikin kwazazzabai huɗu da ke jere a ƙasan magangarar, waɗanda bangon mafi zurfinsu ya kai kusan mita 1,000. Matuƙinmu ya san ƙasar sosai. Ya nuna mana kwarin Deadmen, inda aka tsinci gawawwakin 'yan'uwa biyu 'yan gidan McLeod, masu neman zinariya, a shekarar 1908, ya kuma karkata fiffike domin na zaune a dama da na hagu kowa ya samu rabonsa na kallo. Wanda hajijiya ke kamawa ya sha magani kafin a tashi, saboda iskar kan duwatsu tana girgiza ƙaramin jirgi ba kaɗan ba.

Jirgin yana sauka ne a saman magangarar, inda kogin ya yi faɗi ya kwanta lumui, har mutum ya yi mamakin a ce irin wannan ruwa ne zai rikiɗe a ɗan gaba. Ma'aikatan hukumar gandun dajin Kanada suka tarbe mu, suka yi mana bayani a kan beyar, wata ƙatuwar dabbar daji mai haɗari, wadda baƙa da babbar nan mai ruwan ƙasa duk suna cikin dajin, suka gargaɗe mu kada a bar abinci a fili, kada kuma a sauka daga hanyar katakon da aka shimfiɗa, domin ƙasar wurin da ciyayinta ba su jure takawa. Wadda ta yi mana jagora 'yar ƙabilar Dene ce, mutanen da wannan ƙasa tasu ce tun kaka da kakanni, kuma ake tafiyar da gandun tare da shugabanninsu. Ba ta cika mu da surutu ba, amma duk abin da aka tambaye ta sai ta tsaya ta ba da amsa a natse.

Kunne ne ke fara sanin an kusa. Hanyar tana bin gefen wani sashe da ake kira Sluice Box, inda kogin ya matse ya fara gudu yana tumbatsa da farin kumfa, sannan a ɓullo a bakin dutse a ga ruwan gaba ɗaya ya faɗa ƙasa tsawon mita 96, kusan ninki biyu na tsayin magangarar Niyagara, shahararriyar nan da ke kan iyakar Kanada da Amurka. A tsakiya akwai wani dogon dutse da ya raba ruwan gida biyu, wanda aka sa wa sunan Bill Mason, shahararren matuƙin kwalekwale na Kanada. Ƙarar tana shiga ƙirji kamar ana daka a turmi kusa da kai, feshin ruwan yana tashi sama ya jiƙa fuska da riga, bakan gizo yana fitowa yana ɓacewa a cikinsa. Na dafa wani dutse na ji yana rawa a tafin hannuna. Babu shago, babu mai tallan hoto, kuma mu 'yan kaɗan ne a wurin.

Yana da kyau mai ziyara ya san cewa saura kaɗan a rasa wannan wuri, domin an taɓa shawarar gina madatsar ruwa a nan don samar da lantarki. Firayim Minista Pierre Trudeau ya ziyarci kogin a 1970, aka keɓe yankin a 1972, ya zama gandun daji na ƙasa a 1976, kuma a 1978 ya shiga rukunin farko na wuraren tarihi na duniya da hukumar UNESCO ta amince da su. A 2009 aka faɗaɗa shi zuwa kimanin murabba'in kilomita 30,000. Duk wanda ya tsaya a bakin dutsen nan zai gode wa waɗanda suka hana a toshe kogin.

Babban ƙorafina a kan tsarin yini ɗaya shi ne ƙarancin lokaci a ƙasa. Daga bakin dutsen da ke samanta ba a ganin fuskar magangarar duka. Sai an bi hanyar da masu kwalekwale ke bi da kayansu, an gangara zuwa gindin ruwan, sannan ake ganin girmanta sosai. Gangaren yana da tsayi, hawowa kuma tana cin ƙarfi, ga shi lokacin da aka ba mu bai wadatar da mai tafiya a hankali ba. Wani dattijo a cikinmu ya haƙura a rabin hanya don kada ya tsayar da jirgi, abin ya dame ni ƙwarai, tun da kuɗi ɗaya muka biya. Da kamfanin zai rage tsayawar da yake yi a wani tafki a hanyar dawowa ya ƙara wa magangarar, ko ya bar wa matafiya zaɓi, da ya fi adalci.

Sauro da ƙananan baƙaƙen ƙudaje masu cizo suna da yawa, saboda haka a tafi da riga mai dogon hannu da ragar rufe fuska, da rigar ruwan sama da takalmi mai kama ƙasa. Abincin ranan da suka ba mu burodi ne da nama da 'ya'yan itace, kuma da na sanar da su tun da wuri cewa ba na cin naman alade, sun tanadar mini nawa daban ba tare da wani ja-in-ja ba. Banda kuɗin jirgi akwai kuɗin shiga gandun, don haka a tambaya ko an haɗa shi a cikin farashin.

Kuɗin yana da yawa, amma ban ga an cuce ni ba, ganin nisan wurin da ƙwarewar matuƙan. Ina ba da shawarar wannan tafiya ga mai lafiyar ƙafa da ya ware kwanakin jira a Fort Simpson, da sharaɗin ya tambayi kamfanin a rubuce awa nawa zai yi a ƙasa da kuma ƙa'idarsu idan yanayi ya hana tashi. Wanda kuma yake da hali da lokaci, ya nemi izinin kwana a sansanin da ke saman magangarar tun da wuri, domin guraben ba su da yawa.