AT-LP60XUSB ko AT-LP120XUSB, wanne ya dace da faifan Baba?

Salam ɗan uwa, na ga tambayarka, ka ce ka gaji kwali guda na faifan garmaho daga wajen mahaifinka, Allah ya jiƙansa da rahama, kana son injin da za ka riƙa saurare da shi kuma ka kwashe waƙoƙin zuwa kwamfuta kafin su lalace, kuma ido ya tsaya maka kan guda biyu na Audio-Technica wato AT-LP60XUSB da AT-LP120XUSB. To kafin ka tura wa kowa kuɗi fara buɗe kwalin nan tukuna, don amsar tana ciki.

Ka ɗaga faifan ɗaya bayan ɗaya. Manya masu faɗin inci 12 da suke ɗan lanƙwasuwa a hannu gudunsu 33 ne, wato zagaye kamar 33 a minti ɗaya, ƙananan nan masu inci 7 yawanci 45 ne. In kuwa ka ci karo da masu nauyi, masu tauri kamar tangaran, faɗinsu inci 10, waƙa ɗaya a kowane gefe, to waɗannan 78 ne, ba na roba ba ne, kuma da yawa daga faifan da Decca da HMV suka buga wa Afirka ta Yamma a shekarun 1950 irinsu ne. In akwai su a kwalin ko da guda goma ne to magana ta ƙare, LP60 ba ya juya 78 kwata-kwata, 33 da 45 kawai ya sani, madanninsa na girman faifai ma inci 7 da 12 ne kaɗai. LP120 yana juya duka ukun. Amma fa kar ka ɗora allurar da ya zo da ita kan 78, layin faifan 78 ya fi faɗi sosai, siririyar allura faɗawa take can ƙasan layin ta kwaso maka shuuu da ƙasa-ƙasa fiye da waƙar. Akwai allurarsa daban, AT-VMN95SP, zare waccan za ka yi ka zura wannan a mazauninta, ko minti ɗaya ba ya ɗauka.

In kuma duk 33 da 45 ne sai mu zo kan hali. LP60 ɗan ba-ruwana ne, ka danna START hannun ya tashi da kansa ya sauka a bakin faifai, in ya ƙare ya koma mazauninsa ya tsaya. Bel ne ke juya farantinsa, nauyinsa bai kai kilo 3 ba. Wanda zai kunna wa Hajiya a falo ya tafi harkarsa, wannan ya ishe shi, gaskiya ba na raina shi. LP120 kuwa komai da hannu ne, kai za ka ɗaga kai za ka sauke, in faifai ya ƙare kana barci haka allurar za ta yi ta zagaye a layin ƙarshe har ka farka. Ba shi da bel, inji ne kai tsaye a ƙarƙashin farantin, nauyinsa wajen kilo 8, kuma wannan nauyin alheri ne don ba kowane taku a ɗaki ke girgiza shi ba. Bel kuma ka san roba da zafin garinmu, yana saki a hankali gudu ya fara raguwa, ba tsada gare shi ba amma sai ka nemo.

Inda mutane ke ruɗewa shi ne USB, suna zaton mai tsadar ya fi kwasar sauti ta nan. A'a, su biyun 16-bit ne a 44.1 ko 48 kHz, matakin CD ke nan. Bambancin yana can gaba, a bakin allura da hannu. Hannun LP60 an riga an saita shi daga kamfani, yana danna faifai da nauyin wajen giram 3.5, ba ka da abin murɗawa, kan allurar ma a manne yake, tsinin kawai ake canzawa. LP120 yana zuwa da kan allura AT-VM95E da ake saitawa a giram 2, akwai dunƙulen ƙarfe a bayan hannun da kake murɗawa ka ƙara ko ka rage nauyi, akwai kuma ɗan ƙaramin madanni na anti-skate da ke hana hannun zamewa zuwa tsakiya. Wannan ba ado ba ne wallahi. Tsohon faifai da ya sha ajiya a saman sif yakan ɗan karkace, ka ga hannun yana hawa yana sauka a kowane zagaye, ya zo wani wuri ya tsallake baiti guda ko ya maƙale yana maimaita kalma ɗaya, a LP120 sai ka ƙara masa nauyi kaɗan ka sake ɗauka ya wuce, a LP60 sai dai ka zuba ido. Kuma in allura ta cinye, irin ta AT-VM95E ɗin nan kamfanin kansa yana lissafa mata kamar awa 300, kana iya hawa zuwa wadda ta fi ta ba tare da ka canza kan ba.

Kuɗin LP120 yakan kai ninki biyu na LP60 ko ya ɗan wuce, ba zan faɗi naira ba don kafin ka karanta dala ta motsa.

Maganar wuta, su biyun da adafta suke aiki mai karɓar 100 zuwa 240, saboda haka ko daga Amurka aka aiko maka ba matsala. Tsofaffin na hannu da ake samu a kasuwa ne abin lura, wasu na 120 ne zalla ka soka a 230 ɗinmu su ƙone, wasu kuma injinsu da 60 Hz yake lissafin gudu, a 50 ɗinmu sai ka ji mawaƙin ya zama mai kasala. In ka yi sa'ar Technics SL-1200 mai lafiya injin kirki ne ba musu, amma samfurinsa MK2 da aka fi gani ba USB ba firi-am (abin ƙara ƙarfin sautin allura) ba 78, sai ka haɗa masa da wani ɗan akwati irin Behringer UFO202. Masu kama da jakar hannu ɗin nan masu sifika a jiki kuwa, don Allah kar ka ɗora faifan gado a kansu.

Wajen kwashewa duk ɗaya ne, kebul zuwa laftof, ka sauke manhajar ɗaukar sauti ta Audacity kyauta ce, ka zaɓi injin a matsayin inda sauti ke shigowa. Ba a gaggawa, gefe mai minti 20 minti 20 zai ci. Ka cire cajar laftof lokacin ɗauka musamman in janareta ke aiki, sau da yawa gurnanin nan na huuum daga nan yake shigowa, ka kuma rage sifika ƙasa. Ka ajiye asalin a WAV ko FLAC, WAV yana cin kamar MB 10 a minti, daga baya ka fitar da MP3 na tura wa dangi a WhatsApp, kar ka yi akasin haka. Akwai maɓalli a bayan injin PHONO da LINE, in sifikarka ta zamani ce ka bar shi a LINE.

Sannan wanki, don ƙurar hunturu da ta kwanta a layin faifai ba allurar da za ta iya da ita. Ruwan batir wanda ba asid a ciki, ɗigon sabulun wanke-wanke, tsumma mai laushi kana bin layin a zagaye, kar ruwa ya taɓa takardar tsakiya, ya bushe a inuwa a tsaye. Sifirit kuma kar ya kusanci 78, narkar da shi yake.

Ni dai in nawa ne LP120 zan ɗauka, ko da sai na ƙara wata biyu ina tari, tunda kwashewa ce a gabanka ba saurare kawai ba. LP60 sai in ka duba ka ga ba 78 ko ɗaya kuma faifan a miƙe suke. Ɗauko hoton takardar tsakiyar guda biyar ko shida ka turo, har da mafi nauyin cikinsu, sai mu san allurar da za ka haɗa a odar.