Wasiƙa daga Minnesota: tuffar ci daban, ta gashi daban

Yaya, bayan gaisuwa mai yawa, ki gaida min Inna da yara. Kin ce in bincika miki yadda mutanen nan suke yin fai na tuffa, ko za ki ƙara shi a cikin kayan da kike gasawa na sayarwa. Ɓawon ba zai ba ki wuya ba, ɗan'uwan na mitfai ne: fulawa, bota mai sanyi, ɗan gishiri da ruwan sanyi. Aikin duk yana wurin zaɓen tuffar.

A gida mai tire ja ko kore kawai yake tambayarki. A nan kowace tuffa da sunanta, kamar yadda muke bambanta mangwaro iri iri, kuma sunan ne yake gaya miki abin da za ta yi idan ta ji wuta. A kanti an jera su da farashin kowace a rubuce, ana aunawa da fam, wato ƙasa da rabin kilo kaɗan. Babu ciniki, babu gyara, abin da har yanzu nake kewa. Amma idan kika tarar da ruɓaɓɓiya, yawancin kantuna za su mayar miki da kuɗinki in kina da rasit.

Wadda mutanen jihar nan suke alfahari da ita ita ce Honeycrisp. Jami'ar Minnesota ce ta samar da ita, ta fitar da ita a 1991. Ga zaƙi, ga ruwa, ga ƙaras-ƙaras a baki, sai dai ta fi sauran tsada, kuma ni ina ganin asara ce a kai ta oben. Tsofaffin matan nan Haralson suke nema idan za su yi fai. Ita ma ta jami'ar ce, tun 1922. Tana da tsami da tauri, ba ta narkewa. A wata gona da muka je tsinka a watan Oktoba, matar da ke karɓar kuɗi ta yanko min siririn yanki a bakin wuƙa. Da ta ga na yamutsa fuska sai ta ce tsamin nan shi ake so, sukari da kirfa ne za su daidaita shi. Gaskiyarta, domin tuffa mai zaƙi zalla idan ta gasu da sukari ba ta da wani ɗanɗano.

Akwai biyu da za ki guje musu. Red Delicious, jar nan mai sheƙi mai ɗaukar ido, gari-gari take zama a wuta. McIntosh kuwa, ta Kanada, narkewa take yi ta jiƙa ƙasan ɓawon.

Na ce miki gona, domin tuffar kanti da ake gani duk shekara ajiyayya ce a ɗakunan sanyi, wadda kika saya a watan Yuni wataƙila ta kakar bara ce. Wani abin lura: ana sayar da ɓawon fai haɗaɗɗe a firij, amma wasu da kitsen alade ake yin su, dole sai mutum ya karanta jikin kwalin. Nawa da hannuna nake murzawa.

Ke kuma ba sai kin nemi waɗannan sunaye ba. Yawancin tuffar da ake kawowa Najeriya daga Afirka ta Kudu take zuwa, kuma koriyar nan mai tsami galibi Granny Smith ce, wadda asalinta Ostareliya, masu gashi a nan ma suna amfani da ita sosai. Idan kin je 'Yan Lemo ki duba sunan a jikin katon. Ki haɗa kore huɗu da Golden Delicious biyu, mai ruwan ɗorawa ɗin nan, ita za ta ba ki laushi da ƙamshi. Ki fere, ki yanka sirara, ki matsa lemun tsami, ki zuba sukari, kirfa da fulawa cokali biyu don ta kama ruwan. Ki tsaga saman ɓawon tururi ya riƙa fita, ki gasa kusan awa guda.

Shida ɗin nan faranti ɗaya ne kacal, don haka da tsadar tuffa a gida gara ki naɗa ƙanana girman mitfai. Ki turo min nawa ake sayar da katon yanzu, mu yi lissafin ribar tare kafin ki saya.