Phonopy: nagari ne ga baƙon atam ɗaya, amma yana cin lokaci a kiristal mai gauraye

Phonopy manhaja ce ta kyauta da Atsushi Togo ya rubuta da Python don lissafa girgizar atam a cikin kiristal. Phonopy yana gusar da atam da 0.01 Å (Å ƙaramin ma'aunin tsawo ne a matakin atam), wasu manhajoji irin su VASP ko Quantum ESPRESSO su lissafa ƙarfin da ya faɗa kan kowane atam, shi kuma ya fitar da mitar girgiza.

A tsantsar silikon, akwatin atam 64, wato yankin kiristal da ake lissafi a kansa, gusarwa ɗaya tak yake buƙata saboda daidaiton zaman atam ɗin. Cusa boron guda a ciki, nan manhajar ke nuna bajintarta: da yake boron bai kai silikon nauyi ba, girgizarsa tana maƙalewa a kewayensa, mitarta ta haura ta silikon mai 520 cm⁻¹ (ma'aunin mitar girgiza). A awo, boron-11, nau'in boron da ya fi nauyi, yana kusan 620, boron-10 da bai kai shi nauyi ba kusan 644. Da alamar MASS ta cikin saitin Phonopy za ka sauya nauyin, ka ga wannan tazarar ba tare da sake lissafin ƙarfi ba. Wannan kaɗai ya isa dalilin amfani da shi.

Matsalar tana ga gaurayen silikon da jamaniyam, inda atam suka zauna barkatai. Daidaito ya rushe, gusarwa ta tashi zuwa 384 a wannan akwatin, kuma jeri ɗaya ba ya wakiltar gaurayen, sai an maimaita da wasu jere a haɗa matsakaici.

A kula: in ba a bar atam sun zauna daram kafin gusarwa ba, mitoci za su fito ƙasa da sifili, kamar tsarin kiristal ɗin ba zai ɗore ba, alhali kiristal ɗin lafiyarsa ƙalau. Mai neman tsawon rayuwar girgiza ko tafiyar zafi sai ya koma manhajar phono3py, 'yar'uwar Phonopy.